Gwaggo da Man Gyaɗa

A ƙauyukan da ke tsakanin Yankara da Mairuwa, idan ka ce kana neman Malam Gide, sai an tambaye ka wanne, domin masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Gide Mai Madubi, ko tsohuwar da ta daina fita ƙofar gida za ta kwatanta maka hanya, har ta nuna maka yatsan da ya taɓa tsira mata allura. Shekara ashirin da takwas ya yi yana gwajin jini. Ya zauna Kankara, ya zauna Sabuwa, daga baya aka dawo da shi wani ƙaramin asibiti a ƙasar Faskari, mai ɗaki huɗu da bishiyar darbejiya a tsakiya, a nan ƙafarsa ta zauna.

Haifaffen Daudawa ne, ɗan manomin masara da auduga. Tun yana yaro an san ba za a ci moriyarsa a gona ba. Sai a ba shi kunya ɗaya ya nome, a dawo a same shi durƙushe, fartanya a gefe, yana leƙen ɗigon raɓa a kan ganye. Ya lura cewa idan ɗigon ya yi tudu, jijiyoyin ganyen da ke ƙarƙashinsa sukan fito ƙato-ƙato, har ɗan ƙwaron da ido bai cika kamawa ba sai a ga ƙafafunsa. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji, ƙarshe ya ce a bar shi da bokonsa, ko banza an huta da ɓarnar shuka. Haka ya bi makaranta har ta kai shi ta koyon aikin lafiya, inda ya fara kafa ido a madubin likita, wato na'urar nan da ke nuna abin da ya fi ƙarfin ido saboda ƙanƙanta. Yakan ce ranar ne ya gane ashe raɓar gonar babansa ce aka daskarar ta zama gilashi.

Madubin da yake aiki da shi tsoho ne, baƙi, mai nauyi, fentin wuyansa duk ya goge saboda kamu. Ba ya bukatar lantarki, da hasken taga yake aiki, abin da ya sa ya binne sababbi biyu da aka kawo bayansa. Malam Gide ya raɗa masa suna Gwaggo, wai don tana da tsufa, tana da tsirfa, kuma ba ta ƙarya. Kullum da safe sai ya yaye mata ƙyallen da yake rufe ta da shi ya tambaye ta kwanan gajiya. Matarsa Hamida takan ce ita dai ta gode Allah da Gwaggo ba ta cin tuwo, da cefanen gidan can zai riƙa tafiya.

Mutum ne mai son bayani, ko ba a tambaye shi ba. Ka zo da zazzaɓi kana rawar ɗari, sai ya tsira maka allura a yatsa, ya shafa jinin a ɗan fallen gilashi, ya zuba masa rini, kafin ya bushe ya buɗe maka makaranta. Zai ce maka gilasai biyu ne ke aikin. Na ƙasa ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar dawa, mai tudu a tsakiya, shi ke dab da jinin. Haske ya taso daga ƙasa ya ratsa jinin ya shiga cikinsa, shi kuma ya lanƙwasa hasken ya tattara shi can cikin bututu, sai hoton abin ya tsaya a wurin, ya ninka girmansa sau ɗari, amma a juye, kai ƙasa ƙafa sama, dama ta koma hagu. Na sama, wanda ake kafa wa ido, bai taɓa ganin jinin ba. Hoton da ɗan'uwansa ya ajiye masa a bututu kawai yake kallo, ya ƙara masa girma sau goma. Ɗari sau goma, dubu ke nan. Idan ya zo nan yakan dakata ya dubi mara lafiya, yana jiran a yi mamaki. Yawanci abin da yake samu shi ne tambayar ko za a yi allura.

Akwai kuma maganar mai. Gilashin nan na sau ɗari ba ya aiki a bushe. Sai an ɗiga wani mai na musamman a kan jinin, a sauko da gilashin har ya taɓa ɗigon. Dalili kuwa, haske idan ya fito daga gilashi ya faɗa iska sai ya karkace ya watse, kaɗan ne ke samun shiga ɗan idon. Man nan an haɗa shi ne ya riƙa lanƙwasa haske daidai da yadda gilashi ke yi, don haka hasken yakan wuce sumul kamar bai sauya hanya ba. A wata 'yar kwalba mai duhu yake ajiye shi, kusa da ƙafar Gwaggo.

Aibinsa ɗaya, kuma kowa a asibitin ya san shi: ba mai leƙa Gwaggo sai shi. Ko Halimatu Sa'adiya, shugabar asibitin, wadda ita ma ta yi karatun kuma sa'ar 'yarsa ce, idan ta matso kusa sai ya fara gyaran murya yana jawo ƙyalle. Ita kuwa tana girmama shi, Baba take ce masa, sai ta yi murmushi ta ja baya. Mutum ɗaya ce ke shiga ɗakin ba ya nan, Inna Adama mai shara, ita ma da sharaɗin tsintsiyarta ta tsaya a ƙasa. Inna Adama dattijuwa ce, ta daɗe da fita takaba, idan ta gama shara sai ta kafa farantin ƙuli-ƙuli a gindin darbejiya. Da hannunta take matse gyaɗarta, kuma duk asibitin, daga ɗakin haihuwa har wurin ba da magani, ƙanshin gyaɗa yake yi.

A daminar da ya cika shekara hamsin da huɗu ne abin ya faro. Da farko takarda ce. Ya ga rubutun jikin kwalin magani ya fara haɗewa, sai ya miƙar da hannu nesa kafin ya karanta. Hamida ta gani, ta ce ya je a auna masa tabarau kafin hannun ya ƙare. Ya ce idon da ke ganin abu sau dubu ba ya bukatar agajin kowa. Ba a yi sati biyu ba sai ga shi ya kafa ido a Gwaggo ya ga kamar an hura hayaƙi a ciki. Ƙwayoyin jini suna nan, amma bakinsu ba ya fita tas yadda ya saba. Ya murza abin saita gani, ya sake murzawa, ya goge gilashin da 'yar takardarsa, ya ɗan gyaru. Washegari hayaƙin ya dawo. Bayan wata ɗaya abin ya kai ga cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda ke fitowa kamar ɗan zobe mai ɗigo ja a gefe, wadda ya sani fiye da fuskar maƙwabcinsa, sai ya yi ta kallo ya kasa rantsewa ita ce ko dattin rini.

Duk wanda ya koyi aikin nan ya san abin da ake yi a irin wannan hali: ka kira wani ya leƙa. In shi ma ya ga hayaƙi, laifin na'ura ne. Malam Gide da bakinsa ya sha faɗa wa ɗalibai haka. Amma tsoro ya shige shi, ya haɗa maganar takarda da ta madubi ya yanke wa kansa hukunci. Da ya juya zuwa sauran gilasan Gwaggo na ƙasa, waɗanda ba su kai sau ɗari ba kuma ba sa bukatar mai, ya ga suna nuna abu sarai, maimakon ya farga sai ya ce ai haka ido ke mutuwa, da ƙananan abubuwa yake fara sallama. Zargin Gwaggo kuwa ko a ransa bai zo ba. Ya fi yarda da ita a kan kansa.

Abin da bai yarda ya yi ba shi ne ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Masu zazzaɓi na yau da kullum sai ya yi musu da tsinken gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jini, wanda a da yake yi wa kallon raini, yana cewa tsinke ya iya cewa e ko a'a ne kawai, bai iya faɗin yawa ba. Waɗanda jikinsu ya yi tsanani, ake bukatar a san yawan ƙwayar da irinta, sai ya rubuta musu takarda zuwa babban asibitin Funtua. Ya san abin da hakan ke nufi. Hanyar ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba a shekarun nan, ga damina, ga aikin gona. Yana kallo ta taga uwa za ta saɓa yaro a baya, ta tsaya a bakin titi tana juya takardar a hannu, wata ta tafi, wata ta juya gida. Wannan ya fi komai ci masa rai. Ya rage surutu, ya daina yi wa marasa lafiya darasi, har wani tsoho ya tambayi Sa'adiya ko an yi wa Mai Madubi rasuwa ne.

Hamida ta ga tuwo yana dawowa, ta tsare shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya gaya mata gaskiya, ita kaɗai. Ya ce ido ya tafi, kuma ba zai zauna a kujerar yana korar mutane Funtua ba, gara ya ba da wuri a kawo mai gani. Ba ta yi masa gardama ba, ta dai ce ya bari a duba idon tukuna. Ya ce shi da ke duba mutane ya san abin da za a ce. Ranar Lahadi da hantsi ya zauna a zaure, ya nisanta takarda iya tsawon hannunsa, ya rubuta wasiƙar ajiye aiki da manyan baƙaƙe. Sau uku yana yagewa. Ta huɗun ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Litinin ya riga kowa zuwa, don yana so ya yi sallama da Gwaggo ba idon mutane. Ya buɗe taga, ya yaye ƙyallen. Ko gaisuwar bai kai ga yi ba ya ga wani jan zare ya taso daga tsagar bango, ya bi ƙafar tebur, ya hau sama. Ya sunkuya. Kiyashi ne, layi guda, ba mai wuce wani. A kan tebur suka rabu biyu, wasu suka nufi 'yar kwalbar mai suka kewaye murfinta, wasu suka haye Gwaggo har bakin gilashin sau ɗari suka yi cincirindo.

Ya tsaya yana kallonsu. Shekara ashirin da takwas yana ajiye man nan a ɗakuna iri-iri, bai taɓa ganin kiyashi ya kula shi ba. Ya ɗauki kwalbar ya jijjiga, ya ji ta cike. A nan ne lissafi ya zo masa: tun farkon damina ya yi ƙorafi cewa man ya kusa ƙarewa, ga shi har masara ta yi goyo kwalba ba ta sauka ba, shi kuwa hankalinsa na kan idonsa bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Ya fita da ita can bayan asibiti inda iska ke kaɗawa, nesa da gindin darbejiya, ya ɗiga a tafin hannu ya shinshina. Sannan ya yi abin da ya hana ɗalibai yi, ya ɗanɗana da harshe.

Inna Adama na shigowa da tsintsiya ta same shi zaune da kwalbar a gabansa. Suka gaisa. Ya tambaye ta a hankali ko ta san abin da ya sami man nan. Sai ta sunkuyar da kai tana murmushin wanda aka kama yana alheri.

"Wayyo, Malam, ashe ka gane. Ni ban so ka sani ba. Ji na yi kana faɗin ya kusa ƙarewa, na ce muna raye man ɗiga ya gagare ka? Kaɗan-kaɗan nika ƙara maka. Kuma na farkon matsa ne, wallahi ko a miyata ban sa irinshi."

Haka matan unguwarsu ke yi tun tana yarinya. Idan ka shiga ɗakin maƙwabciya ka ga kwalbar man miyarta ta kusa kaiwa ƙasa, ba ka tambaya, ba ka sanarwa, sai ka faki ido ka ƙara mata, don a rufa wa juna asiri. Ita kuma tana riƙe da Malam Gide a rai tun shekarar da ya gano ƙwayar cuta a jinin jikarta bayan an yi ta ba ta magani a makance. Ta daɗe tana neman abin da za ta yi masa. Kaza ya ƙi karɓa, ƙuli sai ya ce haƙori na masa ciwo. Da ta ga mai yake ɗigawa, sai ta ce to ga inda ta fi kowa.

Malam Gide ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya kifa kai a tebur, hawaye na zuba, kuma ba duka na dariya ba ne. Inna Adama ta tsorata, ta fita ta kira Sa'adiya. Da aka warware mata zance, Sa'adiya ta riƙe baki, ta ce ai sabuwar kwalba ta iso tun wata biyu, tana cikin kabad ɗinta, ganin tasa cike ne ya sa ta adana. Ta ɗauko. Ya kakkaɓe kiyashin, ya jiƙa takardar goge gilashi da ɗan sifirit, ya bi bakin gilashin a hankali. Sai ga wani danƙo rawaya yana fita, man gyaɗar da ya yi makonni yana bushewa yana kamawa, wanda gogen bushe ba ya cirewa. Ko ba danƙon ma, in ji shi, man gyaɗa ba ya lanƙwasa haske daidai da gilashi, kusa ne kawai, kuma a wurin abu sau dubu kusa ba ta wadatarwa.

Ya ɗauko wani tsohon fallen jini da ya ajiye don koyarwa, ya ɗiga sabon mai, ya sauko da gilashin. Ya kafa ido ya murza kaɗan. Ga su nan, 'yan zobba, kowanne da jan ɗigonsa, bakinsu tas kamar an zana da sabon alƙalami. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, sai ya ja kujerarsa baya ya ce wa Sa'adiya ta zo ta duba ta gaya masa abin da ta gani. Ta dube shi don ta tabbatar da ita yake, sannan ta leƙa, ta ƙirga, adadinta ya zo daidai da nasa.

Inna Adama na rakuɓe a bakin ƙofa, ta gane ɓarna ta yi, tana ta ba da haƙuri, tana cewa a gaya mata yawan mutanen da ta jawo wa wahala. Ya ce mata laifin na wanda ya hana a leƙa ne, da ya bar ido na biyu ya duba da tun makon farko an gama. Ya kira ta ta zo ta ga inda manta ya yi ta zuwa. Ta goge hannu a zane, ta rufe ido ɗaya da tafi, ta leƙa. Ya ce ta tura fallen dama. Ta tura, ta ɗago da sauri.

"Malam, hagu suka tahi."

"Haka take, Inna. Komi a juye take nuna shi."

"To shi ya sa," in ji ta. "Ni ma alheri na tura, ya tahi wani wuri."

Ya ce tun da ta amsa laifi, tararta ƙuli ne, kuma yau haƙorin ya warke. Ta fita da murna ta dawo da faranti, amma ta manto takardun ƙunshi a gida. Ya laluba aljihun gaba, ya zaro takardar nan mai ninki huɗu, ya buɗe ta ya shimfiɗa a tebur, rubutun na kallon ƙasa. Ta zuba masa ƙuli mai zafi a kai, wanda aka kwashe da safen nan. Kafin a jima mai ya ratsa takardar, ta yi shara-shara. Tsohon hali ya motsa, ya juye ƙulin a murfin kwano, ya ɗaga takardar saitin taga, ya fara yi musu bayani cewa ga irin abin da yake faɗa, mai ya cike gurbin iska a jikin takarda, haske ya sami hanya ya wuce.

Hasken kuwa ya wuce, har ya fito da manyan baƙaƙen ta baya, a juye. Inna Adama ba ta yi boko ba, ƙulinta take kallo. Sa'adiya ce ta karkata kai, ta bi layin farko daga dama zuwa hagu, murmushinta ya ɗauke.

"Baba, wannan takardar mece ce?"

"Ta ƙuli ce," in ji shi. Ya dunƙule ta ya jefa a kwandon shara.

Sa'adiya ta juya ta daɗe tana gyara kwalaben da ba su bukatar gyara. Ya ce mata ranar Laraba zai je a auna masa tabarau, don Hamida ta samu ta yi barci, kuma ranar ita za ta zauna da Gwaggo. Sannan ya leƙa ta taga. A kan bencin gindin darbejiya akwai wata mata da ta iso tun ɗazu, da yarinya kwance a cinyarta an lulluɓe ta da mayafi, ta riga ta ɗaure kayanta a ɗankwali irin na wadda aka gaya wa cewa nan takardar Funtua kawai ake bayarwa. Malam Gide ya wanke hannu, ya ɗauko sabon fallen gilashi, ya ce wa Inna Adama ta gaya mata ta kwance kayan ta shigo da yarinyar.